Matar da ke Jikin Ginshiƙi na Uku

Mondsee, 3 ga Mayu

Yaya Burgi,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Hinnerk, da kunnen nan naki da ya hana mu magana ta waya. Da kina ji da tuni na juye miki wannan a minti biyar na huta. Ga ni nan da biro a teburin shagon kek, mutanena arba'in da biyu suna can suna fama da na tuffa, saura minti ashirin Wastl direba ya fara danna mini ham.

Baba lafiya lau. Yana ci, yana zagaya lambunsa, yana faɗa da rediyo. Ba don shi kaɗai na rubuto ba, amma har da shi, ki bari in bi a hankali.

Kin san aikina, wanda kike cewa ba aiki ba ne, yawo ne da Amurkawa su ga inda aka yi tsalle-tsalle a tsohon fim ɗin waƙoƙin nan nasu da aka ɗauka a yankinmu. To, shekara goma sha tara ke nan ina wannan yawon. Mu tashi daga lambun Mirabell a Salzburg, su zagaya maɓuɓɓugar ruwan da ke cikinsa suna waƙa, mu je gidan bakin tafki, mu je rumfar gilashin nan a tsaya ana ɗaukar hoto kamar ba za a gama ba, sannan mu hau hanyar tafkuna mu ƙare a cocin Mondsee, inda aka ɗauki ɗaurin auren cikin fim ɗin. A cocin nan nake da abin da babu wani mai zagayawa da baƙi da yake da shi. Sai na bari sun yi shiru, in dafa ginshiƙi na uku daga ƙofa, hannun hagu, in ce, "Mahaifiyata tana cikin fim ɗin. Ranar da aka ɗauki wurin ɗaurin auren, nan ta tsaya, da shuɗiyar hula." Ki ga mata suna dafe ƙirji. Wasu har rungume ni suke yi. Na rantse ginshiƙin nan ya fi limamin cocin shiga hoto.

Yau da safe akwai wata tsohuwar malamar makaranta daga Japan a cikinsu, Madam Horiuchi, 'yar mitsitsiya da ita, ga ladabi kamar me. Da na gama jawabina kowa ya watse, sai ta matso.

Ta ce, "Gafara dai. Na uku daga ƙofa, ko daga bagadi, can gaba inda limami yake tsayawa?"

Na ce daga ƙofa.

Ta zaro wani littafi daga jaka. Yaya, matar nan sau ɗari biyu da goma sha huɗu ta kalli fim ɗin, kuma ta zana cocin da fensir, kowa da inda ya tsaya. Ta nuna mini da yatsa. "A nan akwai wani namiji mai sanƙo da mata biyu. Ban ga shuɗiyar hula ba. Na duba ta bagadi ma." Sai ta rusuna ta ce, "Wataƙila ni na yi kuskure. Ke da kike 'yar gari kin fi ni kallonsa."

Da ƙasa ta tsage da na shige. Ni da ban taɓa kallon fim ɗin nan ba! Ke ma kin san haka. Wa ya kalla a garin nan? Wastl shekara ashirin da shida yana tuƙa bas ɗin, duk waƙoƙin suna bakinsa saboda kaset, amma ba don hoton da ke jikin bas ba da bai san fuskar jarumar ba. Mu dai namu mu kai su, mu dawo da su. Na yi wa matar murmushi na ce lallai Mama tana bayan mai sanƙon. Ta rubuta hakan a littafinta, abin da ya ƙara ɓata mini rai ke nan.

Da wannan kaɗai ne da na shanye. Amma ƙaninki Ferdl ya ɗauko wata. Ranar ashirin da uku ga wata Baba zai cika tamanin, kin sani. Ferdl ya kama zauren gidan cin abincin da ke kusa da gada a garinmu Hallein, ya ari majigi wajen 'yan kwana-kwana, ya sayo faifan fim ɗin. Wai bayan an ci abinci za a kashe fitila a haska, in an zo wurin ɗaurin aure ya tsayar, Baba ya ga Mama tsaye da ƙuruciyarta bayan shekara shida da rasuwarta. Ya ce in riƙe masa sirri, shi kuwa tuni ya faɗa wa Baba, kin san cikinsa ba ya riƙe ko ruwa. Baba ya ce, "To, madalla," ya ba ni kwat ɗinsa in kai wanki.

Ki yi tunani, Yaya. Mutum sittin a zaure, an tsayar da hoto, kowa ya juyo yana kallon Baba, a rasa Mama.

Ni shekarata uku lokacin, ban san komai ba. Ke kina da tara. Wane ginshiƙi ne? Ko ni ce na sauya shi da bakina tsawon shekarun nan? Ki amsa da wuri, tun safe ban iya zama ba.

Ga ham ɗin Wastl nan.

Taki,
Traudl


Bremen, 6 ga Mayu

Zuwa ga ƙanwata Waltraud,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarki ta iso yau da safe. Mun gode Allah da Baba yake lafiya. Hinnerk yana gaishe ki, mu ma lafiya muke, sai aikin ɗakin karatu da ya yi yawa saboda ɗalibai suna shirin jarrabawa.

Game da tambayarki, ban san ginshiƙi ba. Ba na wurin. Abin da na sani, masu fim suna ɗaukar abu mai yawa su yanke, kaɗan ne yake fita. Mutumin da ya tsaya kwana huɗu a gabansu yana iya rasa kansa a ƙarshe. Wannan ya isa amsa ga baƙuwarki, kuma ya isa amsa gare ki.

Shawarata ita ce kada a nuna fim ɗin. Awa uku a cikin duhu ya yi wa mai shekara tamanin yawa. Ki gaya wa Ferdinand na ce ya kira 'yan busa na mahaƙan gishiri, abokan aikin Baba, su yi masa taken da yake so. Zai fi jin daɗin wannan. Ke ya fi jin maganarki, don ni yana ganin kamar shugabar makaranta ce.

Ke ma ba sai kin kalla ba. Shekara goma sha tara kina aikinki lafiya ba tare da shi ba. Ki ci gaba da faɗin abin da kika saba, babu wanda ya cutu da shi. Kuma ki bar hular a inda take.

Zan iso ranar ashirin da biyu da jirgin yamma. Kada ki wahalar da kanki zuwa tasha.

Ki gaida Baba da Ferdinand da iyalinsa.

Yayarki,
Notburga


Salzburg, 10 ga Mayu

Yaya Burgi,

Ina gaisuwa, amma a tsaye nake yin ta.

Waltraud! Tun muna yara ba kya kira na da cikakken suna sai kin ɓoye wani abu a bayanki. Kuma wa ya tambaye ki zancen taɓa hula? Ni ginshiƙi na tambaya. Da kin yi shiru a kan hular da ko tunanin kwalinta ban yi ba.

Na kalla. Jiya Lahadi da rana na karɓo faifan wajen Ferdl, na ce zan gwada masa ko yana da kyau. Na ja labule na zauna. Ba zan ɓoye miki ba, fim ɗin ba laifi, sai dai ɗan gari ba zai iya kallonsa da natsuwa ba. Su shiga ƙofar gida a nan, su ɓulla bayan wani gida da ke can wata unguwa. Su ruga daga gada zuwa lambu a numfashi ɗaya, tafiyar da ni da mutanena take cin mu rabin awa. Har na fara dariya ni kaɗai. Sai aka zo coci.

Na tsayar. Na mayar baya. Na matsa jikin talabijin har hancina yana taɓa gilashi. Ga mai sanƙon Madam Horiuchi, ga matanta biyu. Na duba hagu, na duba dama, na ƙirga daga ƙofa, na ƙirga daga bagadi. Sau goma sha ɗaya na mayar. Babu Mama, Yaya. Ko wadda ta yi kama da ita babu.

Na ce to, ƙila gaskiyarki ce, yanke ta aka yi. Na kusa yarda. Amma maganar hular ta ƙi fita daga raina.

Yau ba ni da aiki, na hau jirgi na tafi Hallein da sunan kai wa Baba kwat ɗinsa. Muka ci miya tare, ya kishingiɗa a kujera kamar yadda ya saba. Na shiga ɗakin gaba. Komai yana nan yadda ta bar shi, keken ɗinkinta a rufe da mayafi, babban almakashinta a rataye a ƙusar jikin taga. Na taka kujera na sauko da kwalin daga kan kabad. Shekara arba'in ina ganin hular nan, ban taɓa juya ta ba. Ai ba a taɓa bari mu riƙe ba, daga nesa ake nuna mana ranar Kirsimeti. A cikinta akwai ɗan ƙyalle da sunan shago. Shagon huluna ne a Munich.

Mama ta ce masu fim ne suka raba wa mata huluna a Mondsee, suka bar mata tata don ta yi mata kyau. Sau nawa ta faɗa a gabanmu? To me ya kai Munich ciki? Na san za ki ce masu fim ɗin ne suka sayo a can. Ni ma na gaya wa kaina haka a cikin jirgi, daga Hallein har gida. Amma in haka ne me ya sa kika ce in bar hular a inda take?

Shekaranjiya Asabar, tun kafin in ga duk wannan, na shiga coci da mutum talatin da takwas, na kai hannu zan dafa ginshiƙin, bakina ya ƙi. Na yi musu bayanin bagadi da shekarun ginin kamar wata malamar tarihi, muka fito. Da muka koma bas Wastl ya kalle ni ta madubi.

Ya ce, "Hajjaju, yau ina Mamarki? Ta tafi hutu ne?"

Na ce, "Kai dai tuƙa motarka, tsohon banza."

Ya ce, "To ai gara ta dawo. Ba ta nan mutanen nan ko waƙa ba sa yi a hanyar komawa."

Gaskiyarsa ne kuwa, shiru muka dawo, sai ruwan saman nan namu mai zuba kamar zare.

Ferdl na kira shi na isar da saƙonki na 'yan busa. Ya ce ai ya riga ya kira su, za su yi busa kafin fim. Kin ga an ƙara mana mutum goma sha biyar ke nan da za su shaida.

Saura kwana goma sha uku. Ina Mama ta je kwana huɗun nan? Kada ki sake rubuto mini zancen ɗalibai da jarrabawa. In ba ki faɗa mini ba, zan ɗauki hular in ajiye a gaban Baba in tambaye shi. Kin san zan iya.

Ƙanwarki,
Traudl


Bremen, 13 ga Mayu

Traudl,

Ina gaishe ki. Kada ki kai wa Baba hular. Zan faɗa miki, kuma ke ce ta farko. Ko Hinnerk bai sani ba.

Ranar wata Litinin ce a watan Afrilu. Baba ya fita tun da asuba zuwa ramin gishiri. Tun mako guda kafin nan Mama ta gaya masa masu fim suna neman mata masu kayan zuwa coci na kirki su cika taro a Mondsee, kwana huɗu, za ta kwana wajen wata ƙawarta. Kowa ya san ana ɗaukar mutane lokacin, har a jarida an sa. Ya ce to. Ta kai ki wajen maƙwabciyarmu, matar Brandauer, ni kuma ta ce in raka ta tasha in riƙe mata ƙaramar jaka kafin in wuce makaranta.

Akwatin ya yi nauyi da yawa, har sai ta riƙa sauya hannu. A gabana ta yanki tikiti. Ba Mondsee ta ce ba, Munich ta ce. Da ta juyo ta ga na ji, sai ta durƙusa ta gyara mini kitso, ta ce, "Notburga, duk wanda ya tambaye ki, ina Mondsee wajen masu fim. In na zauna da gindina zan aiko a ɗauko ku, ke da Traudl." Na ce Baba fa? Sai ta miƙe ta ɗauki akwatinta.

Daga baya, da na girma, ta gaya mini sauran. Wata da suka koyi ɗinki tare ta buɗe shago a Munich, ta ce ta zo akwai aiki da ɗan ɗaki a sama. Ke ba ki san Baban wancan lokacin ba. Wanda kika sani yana faɗa da rediyo. Wancan kuwa tun da ya dawo daga yaƙi magana ta ƙare masa. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba, bai taɓa ɗaga murya ba. Ya dawo aiki, ya ci abinci, ya zauna yana kallon murhu. Sai a yi kwana uku ba ki ji muryarsa ba. Ita kuwa mace ce da ta iya yanka rigar amarya da ido, aka ajiye ta tana yi wa wandon aiki faci. Ta ce ji take kamar a cikin ramin nan ita ma take zaune.

Kwana huɗun nan ni na dafa wa Baba dankali. Kullum da yamma sai ya tambaye ni, "Mamarki ta ce ranar Alhamis ko?" In ce e. Ina da shekara tara, ina yi wa ubana ƙarya, ina kallon ƙofa.

Ranar Alhamis da jirgin ƙarfe huɗu ta dawo, da akwatin, da shuɗiyar hula a kanta. Ke kika ƙi zuwa wajenta, kika ɓuya bayan murhu. Ta durƙusa a ƙasa da kwat ɗinta tana miƙa miki hular har kika fito. Ta ce mini daga baya, a Munich duk yarinyar da ta gani a titi sai ta ga kamar ke ce, almakashi ya ƙi zama a hannunta.

Da aka zauna cin abinci Baba ya ce, "To, yaya fim?" Sai Mama ta fara. Fitilu masu zafi, wani Ba'amurke yana ihu da lasifika, an sa su shiga su fita sau ashirin, ita an tsayar da ita jikin ginshiƙi na uku. Tana yi tana kwaikwayon mutumin. Baba ya yi dariya, Traudl. Ranar na fara jin dariyarsa. Bayan wata biyu keken ɗinki ya shigo gidan, ya kwashe kayansa daga ɗakin gaba ya bar mata, wai matar da ta fito a fim ba za ta yi ɗinki a kicin ba. Shekara biyu bayan nan aka haifi Ferdinand.

Mama ta san mutanenta. Ta san a duk Hallein babu wanda zai zauna ya kalli Amurkawa suna waƙa a kan duwatsunmu. Da a wani gari ne da ƙaryar ba ta yi shekara ba. A namu ta yi arba'in, har ke kika mayar da ita sana'a. Duk lokacin da na zo gida na ji kina ba da labarin ginshiƙin a tebur, Baba yana gyaɗa kai yana murmushi, sai in tashi in shiga kicin. Kun ɗauka girman kai ne. Ba shi ba ne. Ina jin har nisan da na yi zuwa Bremen da wannan a ciki.

Ban ga laifinta ba yanzu. Da na gani, na daina. Amma Baba ya gina shekara arba'in a kan labarin nan. Ba zai ji a gaban mutum sittin da 'yan busa cewa matarsa ta taɓa barinsa ba. Ki yi duk yadda za ki yi ki hana.

Ki ƙona wannan takardar in kin karanta.

Yayarki mai ƙaunarki,
Burgi


Mondsee, 18 ga Mayu

Yayata,

Gaisuwa da ban haƙuri. Shekara arba'in kina ɗauke da wannan ke kaɗai, ni kuwa ina ce miki shugabar makaranta a bayan idonki. Ni na koya wa Ferdl ma. Ki yafe mini.

Ban ƙona ba tukuna, tana cikin jakata, sau biyar na karanta. Na yi fushi da Mama kwana ɗaya. Kashegari na tashi ina ganinta a tasha tana sauya hannu da akwati, sai fushin ya tafi ya bar ni da kuka. Shekararta talatin da ɗaya lokacin. Na girme ta da goma sha biyu yanzu.

Hanawa kuwa na yi iyakar ƙoƙarina, ki ji yadda ta kaya. Na ce wa Ferdl awa uku ta yi yawa. Ya ce gaskiya ne, wurin ɗaurin auren kawai zai haska, kin ga na gyara masa aiki. Na ce faifan ya ɓata a hannuna, alhali yana ƙarƙashin katifata. Ya yi dariya ya ce, "Yaya Traudl, a garin nan za a rasa faifan nan? Har mai sayar da tsiran alade yana da shi." Ya sayo wani a shagon da ke gefen tashar bas ɗina. Na ce idon Baba ba ya gani sosai. Ya ce shi ya sa ya aro majigi, Mama za ta fito kamar girman ƙofa.

Daga nan na ɗaga masa murya, na ce shi kullum sai ya yi abin da zai tara jama'a a yaba masa. Ƙaton mutum mai shekara talatin da takwas, sai ga idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Ku kun san ta tana yarinya. Ni ba ni da hotonta mai motsi ko ɗaya. Ba don Baba kaɗai nake yi ba." Shi ma bai kalla ba, Yaya. Wai yana ajiye idonsa sai ranar, su gan ta tare da Baba. Me zan ce masa? In faɗa masa gaskiya, kafin rana ta faɗi ta kai kunnen Baba.

Jiya na koma Hallein. Na wanke kwanonin da suke a wanke, na share inda yake a share. Baba yana kujerarsa yana bin ni da ido.

Ya ce, "Zauna mana, Traudl, kina sa ni jiri."

Na zauna a bakin kujera.

Ya ce, "Baƙin naki har yanzu suna ɗaukar hoton ginshiƙin?"

Na ce suna ɗauka. Ƙarya ce, kwana goma ke nan ban ambace shi ba.

Ya ce, "Madalla." Ya ɗan jima yana kallon ƙofar ɗakin gaba, sannan ya tambaye ni ko akwai sauran takardar wasiƙa a durowa. Na ɗauko masa. Na tambaye shi wa zai rubuta wa, ya ce in tafi kada jirgi ya wuce ni.

Yanzu haka mutanena suna cikin coci su kaɗai, na ce su duba abin da suke so. Wastl ya ce in na ci gaba a haka zai karɓi lasifikar ya ce kakarsa ce ta tsaya a wurin. Ban yi dariya ba.

Saura kwana biyar. Na yi tunanin in yanke wayar majigin, na yi tunanin in faɗi a zaure in ce zuciyata ce. Ki zo kafin ashirin da biyu, don Allah. Ni kaɗai ba zan iya ba.

Taki,
Traudl


Hallein, 18 ga Mayu

'Ya'yana Notburga da Waltraud,

Ina gaishe ku. Ba zan tsawaita ba. Na rubuta biyu iri ɗaya, kowa da tata.

Traudl, in kin mayar da kwali kan kabad, ƙullin igiyar waje yake kallo, ba bango ba.

Ku daina wahalar da kanku. Tun ranar Litinin ɗin na sani. Na dawo aiki na ga babu almakashinta a jikin ƙusa. Mai zuwa tsayuwa a coci ba ta tafiya da almakashi. Burgi, na san kin sani, na ga yadda kike kallon ƙofa. Ban iya magana ba lokacin, na bar ki da shi. Wannan laifina ne, ki yafe wa ubanki.

Da fim ɗin ya zo silima a Salzburg na je ni kaɗai wata Laraba, mu bakwai ne a ciki. Ba ta ciki, kuma ban je don in gan ta ba. Na je in ga ginshiƙin ne, don in ta ba da labari in san inda zan gyaɗa kai.

Ku bar Ferdl ya haska abinsa. In ya tsayar, zan nuna mace ta biyu da ke bayan mai sanƙo in ce ga ta nan, sun sa ta cire hular. Ku biyu ku ce e, ita ce. Traudl, ki koma ki gaya wa baƙinki, uwarki ta sha wahala kafin ta haɗa labarin nan.

Ta ce Alhamis, kuma ranar Alhamis ta dawo, da jirgin ƙarfe huɗu. Ina tsaye bayan rumfar kekuna a tasha tun ƙarfe biyu. Na bari ta wuce, na bi ta lungu na riga ta isa gida.

Ku zo da yunwa, na ce a gasa agwagi.

Babanku,
Kajetan